Shanun da Ba Su da Tozo

A shekarar da ake shirin samun mulkin kai ne, ko wadda ta gabace ta, ba zan rantse ba. Ina ƙaramin malami a wata makarantar boko kusa da Zango, ina jiran tafiya kwalejin horon malamai. Baba dillalin shanu ne a kara. Da ƙyar ya yarda na yi sukuru, wato boko, kuma da sharaɗi: ranar da ya ga boko ya taɓa addinina, ranar na gama, in bi shi kara. Takardar kwalejin tana aljihun rigarsa, bai dangwala mata yatsa ba tukuna.

Hedimasta ya ce in haɗa wa yara ƙaramar tashar jirgin ƙasa don darasin aikin hannu. Jirgin yana nan, na gwangwani mai makulli, sauran ni zan ƙera. Na samu tsohon ƙyaure na mayar da shi fili, ina ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Dogo na yi shi da wayoyin tsohuwar laimar Baba da tsinken ashana. Ciyawa, garin katako ne da lalle da sitacin rogo.

Loko, wato rumfar da kawunan jirgi suke kwana, ita ta fi ba ni wuya. Sau uku ina zuwa tasha ina leƙe ta shinge, ina ƙirga ƙofofi, ina tsoron kada maigadi ya ɗauke ni ɓarawon gawayi. Na yanka gwangwanayen madara, na daddaɓe su, na bi su da ƙusa layi-layi har suka zama kwanon rufi. Na kara su a hayaƙin aci-balbal suka yi baƙi kamar na gaske. Ina jin ban taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba.

Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma sai na ga tashar ta yi shiru da yawa. Na kwaɓa yumɓu na yi shanu goma sha ɗaya masu jiran lodi, da makiyayi riƙe da sanda.

Yayata ce ta fara gani, ta shigo shara.

"Kai, ɗan boko, ka tanadi numfashi?"

"Na me, Yaya?"

"Ran Lahira ai ce maka za a yi ka busa musu rai. Sha biyu ne, na ƙirga maka. Kai da hawa tudun unguwar Aboabo ma kake haki."

Dariya ta yi ta fita. Ni ban yi ba. Na san maganar tun makarantar allo, ban san yadda ta kuɓuce mini ba. Kwana huɗu, ko biyar, in na ta da kabbara sai in ga shanun a jere suna jirana. Na so in tambayi malaminmu, amma abokin Baba ne. Na so in farfasa su, hannuna ya ƙi. Tsoro biyu ne a kaina, na Lahira da na takardar nan, kuma ina jin kunyar faɗin wanda ya fi girma.

Ranar Juma'a hadari ya haɗo gab da tafiya masallaci. Baba ya shigo ɗakina neman tsohuwar laimarsa, ya sunkuya, ya jawo ƙyauren. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana kallon rumfar. Ya ƙwanƙwasa rufin da farce. Sannan ya ɗauki saniya ɗaya ya juya ta.

"Mene ne wannan?"

"Saniya ce, Baba."

"Saniyar wa? Ina tozon? Ina leɓen wuya? A ina ka ga saniya haka?"

"A jikin gwangwanin madara."

"Ɗan dillalin shanu! Shekara ashirin kana cin tuwo da su, sai Bature ya zana maka." Ya ajiye ta. "Waɗannan, ko an busa musu rai, ba mahaucin da zai taya."

Da ya zo kan makiyayin sai fuskarsa ta canza. Ya jefa shi cikin butar alwala, muna kallo har ya narke ya koma laka. A raina na ce to, haka kwalejin ma ta narke.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban sama. "Laimata kuma ta zama hanyar jirgi. To, ruwan nan a kanka zai ƙare, kai za ka riƙe mini buzu." Ya laluba aljihu. "In an sauko, kawo tawada. Ka je su koya maka abin da suka sani. In ka zo hutu, kara za ka fara zuwa, ka ga saniya."

Har yau ban tabbata ba ko maganarsa a kan shanun fatawa ce ko ba'a. Daga baya na tambayi malamai, kowa da amsarsa. Don haka kafin in kai tashar makaranta na cire wa sha ɗayan kawuna, na loda su a tarago mai rufi. Yara suna ta tambaya me ke ciki. Na ce musu goro ne.