Hoton da Ya Riga Mu Zuwa Abbare

Ni dai ba a turo mini hoton haɗari a waya. Duk wanda ya san ni ya san haka, wanda bai sani ba kuwa sau ɗaya yake gwadawa. Ko wace ce sai na kira ta na tambaye ta, da ɗanta ne a kwance a bakin titi za ta so a yi ta yawo da shi gida-gida? Ana cewa na cika zafi. Na ji, ina da zafi, kuma ina da dalili.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da ƙanena. Dada muke ce mata. Tana zaune a Abbare a gidan da babanmu ya bari, ni kuwa ina aure a unguwar Barade a Jalingo, ina ɗinki a ƙofar gida. Ƙanena direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Jalingo da Mutum Biyu. Shi ya saya wa Dada babbar waya, ya sa ta a guruf ɗin dangi da na matan islamiyyarsu. Ba ta karatun boko, amma ta iya taɓa hoto ya buɗe, ta iya sa yatsu biyu ta ja shi har sai ta ga ƙwayar idon mutum. Haka take wuni tana kallon jikokinta. Ga ta da hawan jini, irin wanda likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ita.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ina yanka wuyan wata riga wayata ta yi ta ƙara. Guruf ɗin unguwarmu ne. Wani ya turo hotuna: mota a kife a gefen hanya, buhunan masara sun fashe, ga mutum kwance rigingine, rigarsa ta yaye zuwa ƙirji. A ƙasa an rubuta wai haɗari ne yanzu-yanzu a hanyar Mutum Biyu, a tura wa 'yan'uwa. Ban kalli fuskar ba. Rigar na kalla, don ni na ɗinka masa ita da sallah, ni na sa aljihun ya ɗan karkace har ya yi ta yi mini tsiya.

Na kira lambarsa, wani baƙon mutum ya ɗauka. Ya tambaye ni ko ni 'yar'uwarsa ce, na ce yayarsa ce. Ya ce sai haƙuri, suna hanyar kawo shi asibiti a Jalingo, amma rai ya yi halinsa tun a wurin.

Wallahi ban yi kuka ba a lokacin. Dada ce kawai ta faɗo mini.

A wurinmu ba a jefa wa uwa mutuwar ɗanta kamar an jefa dutse a rijiya. Babba ake nema ya je da ƙafarsa. Ya zauna, a gaisa, a tambayi gida, a kawo ruwa ya sha. Sannan ya ce yaron ya ɗan samu tsautsayi a hanya. In ta haɗiye wannan, ya ce jikin fa ya yi tsanani. Kafin ya kai ga cewa sai haƙuri, zuciyarta ta riga ta je can da kanta, kuma ga mutane a gefenta da za su riƙe ta. Haka aka yi mata da babanmu ya rasu, kuma ta ɗauka. Abin da nake so ke nan kawai, ta ji daga bakin mutum tana zaune, kada ta gani a tafin hannunta ita kaɗai.

Na danna murya na tura a guruf ɗin. Na ce wannan ƙanena ne, uwarsa tana da rai kuma ba ta sani ba, don Allah don Annabi a goge. Wanda ya turo ya goge, ya ba ni haƙuri. Ban ajiye wayar ba sai ga hoton a guruf ɗin danginmu, wani ɗan gwaggonmu ya sa, har da alamar fuska mai hawaye. Na kira shi. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta a nan ba. Ya ce, “Adda,” haka ƙannena suke kirana, “ai don a yi masa addu'a ne.” Na ce addu'ar ba ta karɓuwa ne sai an ga cibiyarsa? Ya goge shi ma. To, guruf ɗin matan islamiyya fa? Ba na ciki, ban san mai kula da shi ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda ko hoton kaza aka turo musu sai sun tura gaba.

Na so in kira Dada in ce ta ajiye wayar, amma da wace murya? Matar da daga sallamata take gane ko na yi faɗa da mijina. Abu ɗaya na riƙe. Tun shekaranjiya babu wuta a Abbare, kuma da safe ta yi mini ƙorafin wayarta na gab da mutuwa. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai ranar.

Na tari keke na tafi gidan Kawu, yayan Dada, shi ne babbanmu da ya rage. Na same shi a zaure na faɗa masa. Ya yi salati, ya daɗe kansa a sunkuye. Daga nan ya ce a kawo masa buta. Ya yi alwala a tsanake, ya shiga ciki neman babbar riga, ya fito, ya koma wai hular ba ita ba ce. Ni ina tsaye kamar a kan garwashi.

Na ce, “Kawu, hoto fa ba ya jiran babbar riga.”

Ya dube ni, idonsa jajir, ya ce, “'Yar nan, ba a kai mutuwa da gudu. In ta gan ni a hargitse, na gama faɗa mata tun daga ƙofa.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara ƙona mini rai. A cikin keken ina ta ce wa mai tuƙi ya yi sauri, Kawu yana ce masa ya bi a hankali, bawan Allah ya rasa na wa zai ɗauka. Wayata kuwa ba ta huta ba, 'yan ta'aziyya har sun fara kira. Duk kiran da ya shigo sai in tuna wanda ya san lambata ya san ta Dada.

Muna shiga zauren gidan na ɗaga kai, sai na ga ƙwan lantarki a kunne da rana tsaka. An kawo wuta. Na dafa bango.

Dada tana zaune a tabarma a tsakar gida, da mayafinta a kafaɗa. Ta yi wa Kawu sannu da zuwa, ta ce in kawo masa ruwa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Na leƙa fuskarta ban ga komai ba, har na fara cewa a raina ko Allah ya rufa mana asiri. Kawu ya ce yaron ya ɗan samu tsautsayi a hanya. Ta ce, “To.” Ya ce jikin ya yi tsanani. Ta ce, “To.” Da ya ce sai haƙuri, ta yi inna lillahi a hankali, sannan hawaye suka zubo. Kawu ya yi addu'a, ya fita don ya sanar da maƙwabta.

Sai da ya fita ta ɗaga gefen zaninta. Wayar tana ƙarƙashi, hoton a buɗe, an ja shi har fuskarsa ta cika gilashin.

Na ce, “Dada, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun da aka kawo wuta. Na ce ba zan yarda da waya ba, sai mutum ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Na zauna ina jiranku.”

Na tambaye ta wa ya turo mata, don na rantse sai na je har gidansa. Sai ta sa yatsu ta mayar da hoton yadda yake, ta nuna mini gefensa, inda ƙafafun 'yan kallo suka yi layi, masu silifa da masu sau-ciki.

“Dubi yawan mutanen nan,” in ji ta. “Duk cikinsu babu mai ƙyalle?”

Ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta ninke shi, ta ɗora mini a cinya.

“Tashi ki je asibitin, ki rufe mini shi.”