Ranar da Baba ya kashe motarsa

Shekarar da kamfanonin motar Amurka suka durƙushe gwamnati ta tallafe su, ina ɗalibi a Greensboro, ina jan wata tsohuwar mota mai shan mai kamar ba gobe. Motar nan na riga na yi wa Baba alkawarinta.

Baba wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi. Wankin mota yake yi a wani wurin sayar da motoci a Wendover Avenue, yana haya can McLeansville inda bas ba ta zuwa. Maƙwabcin da ke ɗauko shi kullum zai tashi ƙarshen bazara, Baba kuwa ya san ranar da ya rasa abin hawa ya rasa aiki. Wata Juma'a a harabar masallaci na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin lokacin motar ta zama tasa. Tun daga nan duk Juma'a sai ya goge ta, ya duba mai, ya ɗan bubbuga taya, ba wanda ya sa shi.

Sai gwamnati ta fito da wata dabara don kamfanonin su samu ciniki. Ka kawo tsohuwar mota a rage maka kuɗin sabuwa, da sharaɗin a kashe injin tsohuwar kada ta sake hawa titi. Da zan ce mako na yi ina kokawa da zuciyata, da ƙarya na yi. Kwana biyu ne.

Rashin kunyata har ta kai na nufi wurin aikin Baba, don nan na ga sabuwar da nake so. Na zaɓi Talata, ina zaton ranar hutunsa ce. Ashe cinikin ya sa an soke hutun, kuma shi aka ɗora wa kashe injin. Zai tsiyaye man, ya ɗura wani ruwa mai kauri, ya tada mota, ya taka totur har ta ƙame.

Na gama sa hannu na fito, sai ga shi tsaye gaban tsohuwar motar da jarka. Manaja ya nufa ya roƙa a sayar masa da ita, manajan ya ce doka ta hana, ya kuma ce ya yi sauri, layi na jira. Baba ya dawo ya dafa bonet, ya yi bisimilla kamar mai shirin yanka rago, ya shiga ya taka.

Sauran motocin nan da nan suke mutuwa. Wannan ta ƙi. Ta yi ta kururuwa tana hayaƙi, ma'aikata suka taru suna dariya suna yi mata tafi. Da ta yi shiru ya fito yana goge hannu.

"Ni na lalata abin, Malam," in ji shi. "Na kula da ita da yawa."

Shi ya wanke mini sabuwar, don aikinsa ne. Da zai miƙo makulli ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, ko McLeansville na kan hanyarka da safe? Wata ɗaya kawai, kafin in samu wata motar."

Na ce ina da aji ƙarfe takwas. Ba ni da aji. Kunyar zama kusa da shi kullum nake gudu, kuma har yau ina tsanar kaina a kan wannan.

Kamfanonin sun farfaɗo, a talabijin na gani. Baba kuwa sau uku ya makara bayan maƙwabcinsa ya tashi, aka sallame shi daga aiki.