Rediyo ta tafi biko Madekali

Alhamis, Dogon Dutsi

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙyauren gida, ƙullin kaya a kai: turmin atamfa, sabulu, da garin hura. Biko na fita, amma ba ni ce mijin ba. Surukata zan ɗauko, Hamsatu, matar ɗana Sallau, da jikana da ban taɓa ɗora wa ido ba.

Sallau direban babbar mota ne, albasa yake ɗaukowa daga Malanbil ta ƙasar Benin, can ya gano ta. Badandiya ce ta ƙauyen Madekali. Shekara guda muka yi gida ɗaya, ban ji komi daga bakinta ba sai "to" da "na'am". Na ce girman kai ne. Ta tafi gida haihuwa, arba'in ta wuce, wata ukku ya wuce, sai ga saƙo: ba ta komowa gidan da ake mata faɗa tun safe har dare. Faɗa? Ni? Yarinyar da nake tsamo wa tsoka cikin miya! Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

To, in faɗi gaskiya, sunana Tasalla, amma duk unguwa Rediyo ake ce mini. Marigayi maigidana in na fara labari cewa yake, "Tasalla, numfasa, ba kora ki ake ba."

Kafin in tashi na yi sati biyu ina ɗaukar darasi wajen maƙwabciyata Dommo, Bazabarma, tunda Zabarmanci da Dandanci 'yan ɗaki guda ne. Kalma-kalma take ba ni, tana jira in maimaita. Ranar tafiya ji nake ko wa'azi aka ce in yi da Dandanci zan yi.

Dosso

Mota ta tashi shida da minti goma, muka sauka tashar Dosso ƙarfe tara, bayan kilomita ɗari da talatin da wani abu. Na ga mai dambun zogale, na ce bari in gwada karatuna. Na gyara murya na gaishe ta, na ce, "Fofo, mate ni go?"

Wayyo! Matar nan ta ji daɗi, ta sako mini magana kamar an kwance bakin buhun gero. Ban tsinci ko ƙwara ɗaya ba. Ni dai gyaɗa kai nake, ita kuma tana ta zuba dambu. Na koma mota da abin da mutum huɗu za su ci su rage.

Direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, walima za a yi?"

Na ce, "Kai dai ja motarka." Muka cinye tare da shi da sauran fasinja.

Gaya da gada

Kilomita ɗari da hamsin, muka iso Gaya ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin nan ana wuce gadar kan iyaka ba wahala. Na yi lakwal har aji shida, kuma malaminmu in yana Faransanci har kana iya ƙirga haƙoransa. Amma jandarman da ke bakin gada numfashi guda ya yi, ya gama maganarsa. Na tsaya ina kallon bakinsa. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya sake faɗi a hankali: katin shaida da takardar allura yake so. Kai! Duk kalmomin nan na san su tun ina 'yar shekara goma, manne su kawai ya yi wuri guda. Na miƙa, ya buga hatimi, ya ce in sauka lafiya, wannan ma a hankali.

Malanbil

Ɗan kabu-kabu ya ƙetara da ni kogi a kan dala ɗari, ya kai ni gidan Hajiya Ladi mai albasa, inda Sallau ke sauka. Kasuwa ta fara cika, buhunan albasa har bisa hanya. Da la'asar ta ajiye mini shinkafa da kifin kogi, na zauna ina ba ta labarin hanya. Ban kai Dosso a labarin ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya, baiwar Allah. Ni Bahausa ce uwa da uba, amma rabin maganarki ta wuce ni."

Na ce, "Ai Dandawanku ne masu gudu. Ɗazu na ji wasu na ciniki, na zaci dambe za a yi."

Ta yi dariya ta ce ita harshe huɗu take ciniki da shi, kuma kowane da tafiyarsa. Dandanci kalmominsa gajeru ne, suna bin juna da sauri. Faransanci ba ya barin ƙofa tsakanin kalma da kalma. Fillanci shi ya fi ba ta wuya da tana koyo, sai da ta samu wata tsohuwa mai nono da ba ta gaggawa. Ta ce, "Mai koyo kalma guda yake riƙewa ya juya ta, kafin ya gama ta gaba ta wuce. Ke kuma da wace tafiya kike yi wa ɗiyar mutane magana?"

Na ce, "In ba ta gane ba ai ina sake faɗi."

"A hankali?"

Ina! Da ƙarfi nake sakewa.

Jumma'a, Madekali

Ƙarfe takwas na hau babur, kilomita ashirin da 'yan kai tsakanin gonakin shinkafa da albasa. Tara saura muka isa. Mata suka fito kusan goma, suka karɓe kayan, suka zaunar da ni bisa tabarma, suka kewaye ni. Sai magana ta ɓalle. Wannan ta faɗi, waccan ta karɓe, a yi dariya, in ji "Tasalla" ya gilma a tsakiya, a sake dariya. Wata ta matso ta tambaye ni wani abu, ban gane ba, ta sake faɗi da ƙarfi tana nuna ni da hannu. Zuciyata ta yi zafi. Na ce a raina lallai zagina ake, an samu uwar miji mai faɗa. Ni Rediyo, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "to".

Da na ji "to" ɗin nan a bakina, sai na tuna da surukata. Awa guda ban cika ba hawaye ke neman zubo mini. Hamsatu shekara ta yi.

Na tuno kalmar da Dommo ta ce in riƙe ko na mance komi. Na ɗaga hannu na ce, "Moso-moso." Wato sannu-sannu.

Gambi, uwar Hamsatu, ta tsawata musu, ta zauna gabana tana ajiye kalma ɗaya-ɗaya. Sai ga karatun Dommo ya dawo: ruwa, gajiya, yaro, hanci. Ashe cewa suke jaririn hancina ya kwaso, kuma tambayata ake ko zan sha ruwa.

Hamsatu ta fito da shi, ta durƙusa ta ɗora mini a cinya. Hancin nawa ne, ba gardama. Na ce, "Angona, da wannan hanci ka zo neman aure?" Gambi na da Hausar kasuwa, ta ɗauko salular ɗiyarta ta nuna mini saƙonnin muryar da na yi ta aikowa. Ta ce, "Kowane sau biyar take ji. A na ukku take gane gaisuwa ce. Salula ana maida ta baya. Ke ba a maida ki baya."

Na ja numfashi, na dubi Hamsatu, na yi magana kamar mai taka ƙasa bayan ruwa. "Hamsatu. Ban taɓa yi miki faɗa ba. Bakina ne haka. Ki yi haƙuri. Ki komo gida."

Ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausa tsaf, "Inna, ina neman kalma ta farko, ke kin kai ta goma. Sai ki ɗaga murya. Sai tsoro ya kama ni, in ce to."

Ban taɓa jin muryarta ta yi tsawo haka ba. Muka ƙulla sharaɗi gaban uwarta: duk sa'ad da na ɗauki gudu ta ce moso-moso, ni kuma in taka birki. Kafin azahar sau bakwai ta faɗa, matan gida na ƙirgawa suna shewa.

Lahadi, gida

Mun bar Madekali bakwai na safe, mu ukku, muka shiga Dogon Dutsi biyar na yamma. Sallau na bakin tasha, ya rasa wa zai fara kallo. Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa na jiran Rediyo ta kama tasha. Na fara ba da labari a hankali, ina tsayawa, ina duban Hamsatu. Dommo ta taɓa goshina.

"Tasalla, lafiya? Ko zazzaɓin kogi kika kwaso?"

Kafin in buɗe baki Hamsatu ta amsa daga bakin ɗaki, tana jijjiga yaro, "Lafiyarta lau. Da ni take magana."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da mu. Na gode wa Dommo, da Hajiya Ladi, da Gambi da ta ba ni ɗiyarta karo na biyu.