Ranar da Na Ɗaure Mashin ɗin Surukina

Shekarar da noma ya gagare mu a ƙauyenmu, can bayan Ruwan Gizo, saboda rashin kwanciyar hankali, na kwashe iyalina muka dawo Talata Mafara. Ɗaki ɗaya muka kama. Na yi dako, na yi leburanci wurin masu buga bulo, kafin wani da muke salla masallaci ɗaya ya kai ni wurin wani Alhaji mai fili a gefen kasuwa, wai yana neman mai gadi.

Filin na san shi tun ina ƙarami. Itatuwan dogon yaro uku ne a ciki, kuma a inuwarsu mutanen ƙauye ke ɗaure jakuna ranar kasuwa, daga baya aka koma kekuna, daga baya mashina. Ba wanda ya taɓa tunanin wurin yana da mai shi. Alhaji ya saye shi, bai yi katanga ba, bai ja waya ba. Allo kawai ya sa aka rubuta, ƙarami, da Turanci, aka buga shi a jikin itacen ƙarshe yana kallon bangon wani shago. Sai ka zagaya ka leƙa kafin ka san akwai shi.

Ranar farko ya miƙo mini sarƙoƙi da kwaɗuna, mabuɗan kuwa ya damƙa wa ɗan wansa, wani ƙato mai jajayen idanu wanda ya girme ni. Alhaji ya ce da ni, "Kai aikinka ɗauri, shi aikinsa kwancewa. In mutum ya zo zai aje mashin, kada ka ce mishi komi. Bari sai ya shige kasuwa."

Na ce, "Alhaji, in an hwaɗa musu tun da wuri ai sai su biya su aje."

Ya dube ni kamar na yi maganar wauta. "Wanda aka hwaɗa wa, gaba zai yi ya nemi wata inuwa. Wanda aka ɗaure wa, ina za shi?"

Na ji maganar, na gane ta sarai, kuma na karɓi sarƙoƙin. Ba zan ce an ruɗe ni ba. A gida na ce wa matata gadi nake yi, ita ma haka ta faɗa wa danginta.

Kuɗin kwancewa ba shi da ƙa'ida. Ɗan wan Alhaji fuska yake dubawa. In ɗan gari ne mai baki, ko wanda ya ga alamar yana da wani a sama, sai ya karɓi abu kaɗan yana dariya, har da ba da haƙuri. In baƙauye ne, sai ya ninka masa yadda ya ga dama, kuma ba takarda, ba shaida. Ina tuna wani Bafulatani daga wajen Bakura da ya zo sayen maganin shanu. Aka ja shi bayan itace aka nuna masa allon, ya tsaya yana kallonsa, ya ce shi ko da Hausa aka rubuta ba ya iya karantawa. Ɗan wan Alhaji ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Mutumin ya koma ya mayar da rabin maganin da ya saya kafin ya karɓi mashin ɗinsa. Da zai tafi, ni ya kalla, ba mai mabuɗi ba, don ya ga sarƙa a wuyana.

Masu mota kuwa sace musu iska muke yi. Ni nake durƙusawa in danna bakin tayar da tsinke.

Na fi wata huɗu a haka. Sai wata Talata da hantsi, na dawo daga shan ruwa na tarar da sabon mashin ja a ƙarƙashin itacen tsakiya, ledar sirdinsa ma ba a cire ba, an ɗaure rabin buhun gero a baya. Ɗan wan Alhaji ya yi mini nuni da haɓa. Na je na zura sarƙa a tayar gaba, na zagaya da ita jikin itacen, na danna kwaɗo. Har na yi tunanin mai wannan yau zai ji jiki.

Bayan azahar ina zaune kan benci sai na hango dattijo yana tahowa, farar riga, ƙaramin rawani, yana riƙe da leda. Tafiyar na fara ganewa, don yana ɗan jan ƙafar hagu. Surukina ne, mahaifin matata, daga Tsibiri. Ban san ya sake mashin ba. Mutumin da ko cin abinci ban taɓa yi a gabansa ba, wanda in na je gidansa daga zaure nake cire takalmi. Ya ƙaraso ya tsaya kan mashin ɗin, ya dubi sarƙar, ya ɗaga kai yana neman wanda zai tambaya, sai idonsa ya faɗo kaina, ga sauran sarƙoƙi rataye a wuyana.

Na zube ƙasa. "Baba, ina wuni. An zo lahiya? Ya mutanen gida?"

Ya amsa gaisuwar duka, bai tsallake ko ɗaya ba, har ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Malam, wanga shi ne gadin?"



Ɗan wan Alhaji ya taso yana kaɗa mabuɗai a yatsa, ya ce, "Tsoho, naka ne? Ka aje abu a wurin mutane ba izini." Ya faɗi kuɗin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba, saboda ya ga mashin sabo ne. Na miƙe na ja shi gefe na ce surukina ne, ya yi wa Allah ya buɗe. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, "To ai kai ka ɗaure shi! Surukin naka ba ka san mashin nai ba?" Masu shaguna suka fara leƙowa.

Na ruga shagon Alhaji, inda yake sayar da siminti. Na same shi yana cin gasasshen nama a takarda. Na durƙusa na faɗa masa, na ce a cire a cikin albashina, kawai a buɗe yanzu, dattijon ta hanyar Maradun zai koma gida, kuma hanyar ba a bin ta in rana ta yi sanyi. Ya gama tauna abin da ke bakinsa tukuna.

"Filina ne ko na surukinka?"

"Naka ne, Alhaji."

"In na buɗe ma wanga, gobe kowa suruki gare ka. Ya biya da hannunsa kamar kowa."

"Alhaji, ba wanda ya hwaɗa mishi an hana."

"Akwai allo."

Wannan kalma ita ta tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa. Na fito ban yi sallama ba. Akwai bakanike a bakin hanya, na ɗauki babbar gudumarsa ban tambaye shi ba. Da na iso filin mutane sun taru. Na ɗora kwaɗon kan saiwar itace na sauke masa guduma, sau uku, ya tarwatse. Ɗan wan Alhaji ya cakumi wuyan rigata, ni ma na cakumi tasa, na ce masa yau ko ni ko shi. 'Yan kabu-kabu ne suka shiga tsakani, kuma a cikinsu har da masu cewa a bar ni da shi, don da yawansu sun sha ɗauri a wurin.

Da ƙura ta lafa, surukina ya kwance buhun geron ya jingina shi da itace. Ya sa hannu aljihu ya ciro kuɗin da aka ce, ya ajiye su kan bencinmu, ya ɗora dutse a kai. Na ce, "Baba, don Allah kada ka biya, zalunci ne." Ya ce, "Na sani. Amma ba ni son a ce an hwasa kwaɗo saboda ni na tahi da haƙƙin wani." Ya nuna buhun. "Wanga na ɗiyata ne. Na so in kai mata da kaina, rana ta yi." Ya tayar da mashin ya tafi.

Ni na ɗauki geron a ka zuwa gida. Matata ta riga ta ji labari, don garin ba ya ɓoye irin wannan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Da ka hwaɗa mini gaskiya, da na hana shi ajewa can." Kwana biyu ba ta taɓa buhun ba.

Alhaji ya kore ni, bai tsaya nan ba, ya kai ƙarata wurin dattawan layin da shugabannin 'yan kabu-kabu, wai na yi masa ɓarna. Aka zauna a ƙofar wani shagon hatsi. Da aka ba ni dama na faɗi komai: inda aka ɓoye allon, umurnin da aka ba ni na yin shiru, yadda ake yanka kuɗi da kallon fuska, da iskar da nake sacewa da hannuna. Alhaji bai musa ko ɗaya ba. Cewa ya yi a nuna masa dokar da ta faɗi inda mutum zai kafa allo a filinsa, ko nawa zai karɓa. A cikinmu kuwa ba wanda ya san da irin wannan doka. Wani tsoho mai sayar da igiya ne ya ce, "Fili naka ne, Alhaji, ba mu ja ba. Amma mashinan da kake ɗaurewa ba naka ba ne." Shugaban 'yan kabu-kabu ya ƙara da cewa in aka sake ɗaure na wani ba gargaɗi, yaransa ba za su ƙara ɗaukar kaya daga shagon siminti ba. Wannan ce ta shige shi, ba maganar tsohon ba.

Aka yanke cewa a kafa babban allo a bakin shiga, da boko da ajami, kuɗi ɗaya ga kowa, a ba mutum takarda tun kafin ya sauka. Ni kuma aka ce in sayi sabon kwaɗo in biya. Na saya. Waɗanda aka cuta a baya, ba wanda ya ce a mayar musu da komai.

Bayan mako biyu na je Tsibiri ba da haƙuri. Surukina ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Duk lokacin da na buɗe baki zan fara, sai ya ɗauko zancen damina ko tsadar taki. Har na taso bai bari na faɗa ba, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai tun daga nan in ya zo kasuwa, a gidan wani abokinsa yake barin mashin, ya ƙaraso da ƙafa duk da ciwon da yake fama da shi.

Yanzu ina tura baro a kasuwar. Filin na nan, ya fi da cika, kuma na sha jin baƙi suna yaba Alhaji, wai mutum ne mai tsari, wurinsa ba a cutar kowa. Ni da nake ɗaurewa, har yau akwai waɗanda in na gaishe su sai su kau da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji kuwa sahun gaba yake salla. Ranar Juma'a in muka haɗu a ƙofar masallaci yakan miƙo mini hannu yana murmushi, yana tambayar iyali. Ina ba shi hannun saboda wurin da muke tsaye. Amma ban yafe masa ba, kuma in ya aiko a ɗaukar masa siminti, cewa nake yi barona ya lalace.