Jan Ɗigo a Kan Gidan Mama Tabitha

Duk wanda ya zauna a gidajen hayar nan na bayan titin Wendover ya san Mama Tabitha, ko bai san fuskarta ba ya san labulenta. Shi ne na bene na biyu, wanda ba ya buɗewa sai ɗan gefe, daidai faɗin ido ɗaya. Ta shekara takwas a Greensboro ta Amurka, amma har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanta ya faɗi, ko da kuwa mai kawo kaya ne. Matan coci suna tsokanarta cewa ita ce mai gadin unguwa, albashi kawai ba a ba ta. Takan yi dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓe.

Ba haka aka haife ta ba. A garinsu na Filato acha da dankali take sayarwa, mace mai baki, mai son baƙo. Wata shekara wasu mutum biyu suka shigo unguwa, suka ce daga ma'aikatar ruwa suke, suna tambayar mutum nawa ke kwana a kowane gida. Ita ta ba su kujera, ta ba su kunu, ta lissafa musu kowa. Washegari aka wayi gari da jan fenti a bangon wasu gidaje, har da nasu. Ba a yi mako ba aka ƙone gidajen, kuma mijinta Josiah bai fito ba. Daga baya 'yarta Yemima, wadda ke aikin jinya a nan, ta yi fafutuka ta ɗauko ta.

Aikinta a nan girki da raino. Tana shuka barkono da yakuwa a tukwane a baranda, tana waƙa a Zumuntar Mata, sauran ranta kuwa duk yana kan jikarta Hephzibah, 'yar shekara shida mai ciwon asma. Bayan katangar gidan akwai manyan ɗakunan ajiyar kaya, tireloli na tsayawa a layi injinsu a kunne tun safe. In zafi ya kama, ƙirjin yarinyar sai ya riƙa fito kamar buta a kan wuta. Mama Tabitha takan zauna ta ɗora mata hannu a baya, tana jin tsoron da ba ta iya faɗa wa kowa.

Ana nan sai ga Chamsiya, wata 'yar Nijar da ke aiki da wata ƙungiya mai tattara bayanan da hukumomi ke fitarwa: kuɗin shigar mutane, makarantu, bas, asibiti, tsabtar iska. Suna zuba su a taswira don a ga wace unguwa ce ke shan wuya. Ta ce iskar wannan yanki ce ba su da awonta, shi ya sa suke rataya wata 'yar na'ura a baranda har ƙarshen zafi. Inda awo ya nuna iska ta fi muni, za a raba injin tace iska gida-gida, a kuma matsa a kawar da layin tirelolin.

Mama Tabitha na jin an ce bayanai ta shiga aiki. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, 'yan Najeriya da 'yan Gana, har wata 'yar Meziko da ba sa jin yaren juna sai da ta gargaɗa da hannu. Kowa ya ƙi. Sai ga shi a gidanta aka karɓa, don Yemima ba ta saurare ta ba.

“Mama, please, don Hephzibah ne,” in ji Yemima. Bayan kwana biyu ta buɗe taswirar a waya ta nuna mata. “Kin gani? Ga gidanmu nan. Red ne, wato iskar ba kyau.”

Mama Tabitha ta ƙura ido. Duk faɗin unguwar babu alama a kan gidan kowa sai nasu, ɗigo ɗaya, ja wur.

“Wa ke iya ganin wannan?”

“Kowa mana. Public ne.”

Mama Tabitha ta taɓa ganin ja a kan gidanta, kuma ta san abin da ya biyo baya. A ce mata nan Amurka ce, a ce wannan awon hayaƙi ne, duk ta ji, amma bai shige ta ba. Yemima na fita aiki, Mama Tabitha ta ciro na'urar daga baranda. Ba ta kashe ta ba, don Chamsiya ta ce in ta mutu za su dawo su duba. Ta kai ta can cikin wadrob, ta kwantar da ita tsakanin zannuwan zumunta, ta rufe. Baranda kuwa daularta ce, Yemima mai aiki wuri biyu ina ta ga lokacin leƙa tukwanen barkono?

Da yamma ta sa jikar ta buɗe mata taswirar. “It's green, Kaka!” in ji yarinyar, tana nuna ɗigon da ya koma kore. Mama Tabitha ta durƙusa a tsakar ɗaki ta gode wa Allah da ya goge musu alamar. Duk tsawon zafin nan ɗigon bai sake yin ja ba. Zannuwan dai sun sha iska mai kyau, wannan ba ƙarya.

Yarinyar ce ba ta sha ba. Sau biyu ana kwasar ta zuwa asibiti, na biyun leɓenta har ya sauya launi a mota. Kwana ɗaya da sallamo ta Chamsiya ta zo karɓar na'ura. Ta gaishe su, ta zauna a bakin kujera, ta dubi Hephzibah da ke kwance da abin shaƙa a fuska.

“Wallahi Mama, ni kaina résultat ɗin, sakamakon awon nan, ya ba ni mamaki,” in ji ta. “Iskarku ta fito tsaf kamar ta Summerfield, can inda ake kiwon dawakai. Na yi gardama, aka ce mini awo ne, ba ra'ayi ba. Tunda naku kaɗai ne a nan, da shi aka yanke. Injinan sun tafi wata unguwa.”

“Clean? Mai tsabta?” in ji Yemima. “Wannan hayaƙin da muke shaƙa?” Ta miƙe ta nufi baranda, ta ja ƙofa, ta tsaya tana duban ƙusar da babu komai a jikinta.

Mama Tabitha ba ta jira a tambaye ta ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da abin a tafin hannu biyu, yana ƙamshin turaren kaya. Yemima ta dubi na'urar, ta dubi uwarta, ta koma ta zauna kusa da 'yarta. Da ma ta zage ta, da ya fi sauƙi.

“Chamsiya 'yata, a mayar da ita waje,” in ji Mama Tabitha. “Ɗigon ya yi jan, kowa ya gani. Ni zan rataya da hannuna.”

Chamsiya ta sunkuyar da kai. “An rufe awon bana, Mama. Sai wani zafin kuma, in an sake samun dama.”

A bayan katanga wata tirela ta tayar da inji, gilashin taga ya ɗauki rawa. Hephzibah ta juya, ta ja numfashi, fiton nan ya fito siriri. Mama Tabitha ta matso da na'urar a hannu, ta dubi 'yarta mai aikin jinya, wadda ta san irin waɗannan abubuwa.

“Yemima, ƙirjinta zai iya jure wani zafin?”

Yemima ta gyara wa yarinyar abin shaƙa, ba ta ɗago ba.