JAMB ɗin Atika a Cikin Leda

Duk wanda ya san Gidan Igwai ya san Atika mai kauɗa. Ita ce ke shanya tumatir da tattasai a bayan gidanmu, kuma a wurinta babu abin da ke lalacewa a duniya sai wanda ya faɗa hannun malalaci. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗa a kan ragowar miya har na gode Allah.

Ta gama sakandare tun muna 'yanmata, ta yi aure, ta haifi huɗu, amma son zama malamar makaranta bai bar ta ba. Wata shekara ta ɗauki littattafan 'yarta Wasila, tana juya shanya tana karatu, ta je ta rubuta JAMB, jarabawar shiga jami'a. Makin da ta samu ya sa mijinta Ladan, mai tuƙa keke Napep, ya yini yana ba fasinjoji labari, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Sai ga cikin tagwaye. Atika ba ta damu ba. Ta kai takardar sakamakon aka manne ta cikin leda mai ƙarfi, ta sa ta a ƙasan akwati tare da maganin asu, ta ce sai bayan yaye.

Da ta yaye su, ta ci ado, ta ja ni zuwa shagon kwamfutar Zayyanu a Ƙofar Taramniya don a nema mata gurbi. Zayyanu ya duba shekarar da ke jikin takardar, ya sosa ƙeya.

"Inna, wagga ai ta mutu. Sakamakon sakandare shi ka daɗewa, amma JAMB shekara guda ta."

"Ta mutu? Duba da kyau, ɗana. Ko ruwa ba su taɓa ta ba!"

Allah ya yafe mini, ni na fara dariya. Da na ga idonta ya kawo ruwa na haɗiye sauran, don abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Muka kamo hanyar komawa. Sai da muka iso ƙofar gida ta juyo ta ce, "Wanda yab ba da maki na farko bai tahi ko'ina ba."

Haka ta koma karatu, tagwaye na hawa bayanta. Wannan karon tare da Wasila suka rubuta, kuma ɗiya ta ɗara uwa da maki. Atika ta ce ai ita ta shayar da ƙwaƙwalwar, don haka duka nata ne. Nata makin bai kai na farko ba, amma ya isa. Ko kwana ba ta bari takardar ta yi a akwati ba.

Ranar da za ta fara zuwa aji, Ladan ya wanke kekensa fes, ya ƙi ɗaukar kowa sai mu biyu. Tun daga gida Atika ke ba ni umarni a kan shanya, bakinta bai huta ba. Muna isa ƙofar jami'a ta ƙura wa masu shiga ido. Ɗalibai sa'o'in Wasila suna ta wucewa da jakunkuna, wata har ta rusuna ta gaishe ta, ta ɗauka uwar wani ce ta kawo rakiya. Na ga Atika ta riƙe ƙarfen keken ta ƙi sauka.

"Malam," ta ce wa mijinta a hankali, "in na shiga sunka ce ni ma lokacina ya wuce hwa?"

Ladan ya kashe inji, ya zagayo, ya miƙa mata jakarta.

"Takarda ad da wa'adi, Atika, ba ke ba. Sauka, kar ki makara."

Ta gyara mayafi ta sauka. Muka tsaya muna kallonta har ta shige cikin ɗalibai, sannan na lura Ladan yana share ido da hularsa.