Tukunyar Kawu da Na Wanke

Mutane suna cewa ina da saurin fushi, musamman idan ɗalibi ya kalli wani abu a ɗakin gwaji ya ce ƙazanta ce. To, ina da shi ɗin, kuma na san inda na samo shi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, masunci ne a bakin Kwara kusa da Illo. Bayan kamun kifi, abu guda aka san shi da shi: maganin sukar ƙayar kurungu. Kifin ba wani babba ba ne, amma idan ƙayarsa ta shige ka a hannu, wurin ya kumbura ya yi ruwa, sai ka yi wata ba ka jefa birgi, ragar kamun kifi, ba. Har daga tsallaken Benin ake zuwa masa da kwalekwale. Yakan sassaƙo ɓawon itacen giyayya a fadama, ya jiƙa, ya zuba a wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ya gada wurin mahaifinsa, ya rufe da tsumma kwana bakwai. Idan ya buɗe, ɓawon ya yi fumfuna, kore-kore da fari-fari. Shi yake dakawa ya ɗaure a kan ciwo. Tukunyar ba a wanke ta, kuma ba wanda ya tuna ranar da aka taɓa wanke ta.

Da na fara digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, sai na ce wannan ɓawon zan bincika. Na roƙi Kawu, ya yi ta jan rai, a ƙarshe ya ɗebo mini cikin tukunyar ya ƙulle a leda. Na kai wa Farfesan da ke duba aikina, mutumin da ban jin ya taɓa taka laka tun da ya sa takalmi. Ko hannu bai sa ba. Da bakin biro ya buɗe ledar, ya yamutsa fuska.

“Wannan ƙazantar ka kwaso mini? Ruɓaɓɓen ɓawo? Zuba a shara, ka je ka samo mai tsabta.”

Sauran ɗalibai suka yi dariya. Abin da ya fi ba ni haushi yau shi ne ni ma na yi.

Na samo mai tsabta. Na shanya a inuwa, na niƙa, na jiƙa a sinadarin metanol, na tace, na kafe ruwan har ya yi kauri. Gwajin kansa ba wuya: ka shafa ƙwayoyin cutar da ke sa ciwo ruɓewa a farantin gilashi, ka ɗiga maganinka a tsakiya, washegari ka duba. Idan maganin na aiki, za ka ga fili fayau ya zagaye ɗigon, inda ƙwayoyin suka mutu. Wata takwas ina wannan. Filin da nake samu bai kai kaurin farce ba.

“Kawun naka sa'a yake ci,” in ji Farfesa, yana danna wayarsa. “Ciwon da kansa yake warkewa. Da irin dattin da yake ɗaura wa mutane, Allah ne kawai ke tsare su.”

Da wannan maganar a kaina na tafi gida hutun Sallah. Na iske Kawu ya shiga ruwa. Tukunyar tana nan a rumfa, baƙa ƙirin, tana wani irin wari. Wallahi a lokacin gani nake taimako zan yi. Na juye abin da ke ciki a bola, na dafa ruwa, na samo sabulu da soson waya. Matar Kawu ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

“Kai! Aje ta! Ba a taɓa ta!”

“Haba Inna, cuta ce fal a ciki. Mu aikinmu ke nan, mun san abin.”

Na dirje ta ciki da baya har jar ƙasar ta fito, na ƙara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, na kifa ta a rana. Na tsaya ina jiran godiya, don Allah ku ji sakarci.

Kawu ya dawo da la'asar. Ya tsuguna, ya sa hannu cikin tukunyar ya shafa, ya sunsuna yatsunsa.

“Mi ka yi?”

Na fara masa bayanin ƙwayoyin cuta. Bai bari na kai ƙarshe ba.

“Ubana bai wanke ta ba, ubanshi bai wanke ta ba, sai kai ɗan boko? Tashi ka bar min gida. Ba don uwarka ba, da kai da tukunyar ɗaya zai fashe yau.”

Na tafi ina huci, ina cewa a raina jahilci ne ke damun tsoho. Wata biyar ban leƙa Illo ba.

Wata rana ina kakkaɓe jakata ta makaranta, sai wani ɗan guntun ɓawo ya faɗo daga kusurwa, saura daga ledar nan ta farko, fumfunar ta bushe a jikinsa. Ina da faranti ɗaya da ya yi saura. Na ɗora shi a kai, don in tabbatar wa kaina Farfesa ya yi gaskiya. Washegari na buɗe akwatin ɗumama faranti. Fili ne fayau, faɗin gindin gwangwanin madara. Na raino fumfunar ita kaɗai ba ɓawo, na sake gwadawa sau uku. Duk haka. Maganin yana cikin fumfunar, ɓawon abincinta ne kawai, tukunyar kuma ita ke riƙe da irinta tun zamanin kakanni.

Na kai wa Farfesa farantin. Ya gyara tabarau.

“Lallai! Ai na daɗe ina zargin haka. Maza ka rubuta, mu fitar da takardar bincike.”

Mu! Ban san lokacin da na ce masa, “Ranka ya daɗe, a shara ka sa na zuba shi,” ba. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in tuna wa zai sa hannu a digirina. Na haɗiye sauran maganar.

Na cika ƙaramar kwalba da irin fumfunar, na hau mota zuwa Bagudo, na hau babur zuwa Illo. A hanya har na tsara yadda zan durƙusa, in ba da haƙuri, mu mayar da abin cikin tukunya.

Inna na fara gani. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ta ce tun daga ranar, duk ɓawon da aka zuba baƙar fumfuna yake yi mai ɗoyi, mutane sun gwada sun daina zuwa. Ta nuna mini tukunyar da baki. Agwagi ke shan ruwa a ciki.

Kawu yana zaune a rumfa, birginsa rataye a sama ya yi ƙura, hannunsa na dama cikin riga. Na durƙusa, na ajiye kwalbar a gabansa, na faɗi duk abin da na gano. Na ce shi ke da gaskiya, ni da Farfesa mu ne jahilan. Ya saurare ni har na gama.

Sannan ya zaro hannun. Babban yatsa da manuni babu su. Kurungu ya soke shi wata biyu bayan tafiyata, ya ɗaura abin da tukunyar ta ba shi, hannun ya ruɓe, aka yanke a asibiti. Shi ya hana a gaya mini.

Ya miƙo mini dungun har kusa da hancina.

“Zuba min nan, likita. In gani ko za su tsiro.”

Na ɗauki kwalbata na fito. Takardar ta fita bayan shekara, sunan Farfesa a gaba, nawa a baya, na Kawu babu. Kwalbar tana nan a firjin ɗakin gwaji, ina sabunta irin duk bayan 'yan watanni. Kawu kuwa ko a wurin jana'iza muka haɗu, hagu yake miƙo mini.